Zukini a tukunyar mutanen Iran: magani ne ko kayan miya?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da tambaya, don Allah wanda ya sani ya taimaka. Wata 8 ke nan da aka tabbatar wa maigidana ciwon suga. Tun daga lokacin nake fafutukar abin da zan ɗora masa wanda ba zai tayar da ciwon ba, kuma ba zai gundure shi ba, don wallahi ya gaji da tuwon alkama. Shekaranjiya wata ta turo mini rubutu a WhatsApp wai zukini, wannan mai kama da kokwamba da ake kawowa daga Jos, yana wanke suga daga jini, wai shi ya sa mutanen Iran ba sa rabuwa da shi. Na je 'Yan Kaba na sayo guda 6, ga su nan a firji. Shin maganar nan gaskiya ce? Kuma yaya su Iraniyawan suke dafa shi?

Hajiya Babba: Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya 'yata. Amma ni ban ga abin da zai kai ki neman kabewar Turawa ba alhali ga tamu a kowace kasuwa. Na taɓa ci a Madina, kusa suke ce masa a can. Ruwa ne zalla, ba ɗanɗano ba ƙamshi.

Anti Nas: Amin Hajiya. Maman Ilham, bari in fara da abin da ya fi muhimmanci: zukini ba ya wanke suga, kuma babu wani kayan lambu da ke yin haka. Kada maigida ya ajiye ƙwayarsa ko ya rage ta saboda wannan rubutun. Na ga waɗanda suka yi irin haka aka kawo mana su ranga-ranga.

Amma abinci ne mai kyau ga mai suga, kuma dalilin shi ne abin da Hajiya ta faɗa, ruwa ne. A giram 100 na ɗanyen zukini, wajen giram 95 ruwa ne. Kalori 17 kacal ke ciki. Sitaci da suga duka giram 3 da ɗan ɗoriya, furotin giram 1 da 'yan kai, mai kuwa kusan babu. Ki kwatanta da dafaffiyar farar shinkafa: giram 100 nata kalori 130 ne, sitacinta wajen giram 28. To idan rabin farantinsa zukini ne maimakon duka shinkafa, cikinsa zai cika, sugan bai yi tsalle ba. Amfanin ke nan, ya tare gurbin abin da zai cutar.

Maman Ilham: To Anti ban da ruwan babu komai ke nan?

Anti Nas: Akwai mana ƙanwata. Bitamin C miligiram 18 a giram 100, babban mutum kuma yana buƙatar 75 zuwa 90 a rana. Bai kai lemun zaƙi ba, shi yana da sama da 50, amma ba a raina shi. Fotashiyam miligiram 261, ayaba da ake ta yabo 358 gare ta, ga ta da suga mai yawa. Akwai bitamin B6 da folet daidai gwargwado. A koren ɓawon kuma akwai lutin da ziyazantin, sinadaran da ke taruwa a ƙwayar ido. Shi ya sa nake hana fere shi.

Hajiya Babba: Kabewar fa? A faɗi nata a ji.

Anti Nas: Hajiya a nan kin yi gaskiya, ba zan ɓoye ba. Wajen bitamin A kabewa ta yi wa zukini fintinkau, ta ninka shi sau arba'in ko fiye. Jan nan na cikinta shi ne shaida. Kalorinta ma 26 ne a giram 100, ba wani yawa ba. Yaro mai tasowa da mai jego, miyar taushe ta fi musu zukini nesa ba kusa ba.

Hajiya Babba: Yauwa. Abin da nake son a faɗa ke nan.

Ummu Zahra (Kum): Sallama jama'a, yanzu na shigo na tarar da zancen garinmu ake. Shekarata 6 a birnin Kum na ƙasar Iran, maigida yana karatu. Maman Ilham, maganar gaskiya ban taɓa jin wata Ba'iraniya ta ce zukini maganin suga ne ba. Kadu sabz suke ce masa, wato koren kadu, kuma abincin yau da kullum ne, mai araha, musamman lokacin zafi. Nasu gajere ne, kalarsa kore mai haske, ba irin dogon nan mai duhu ba.

Hajiya ta ce ba shi da ɗanɗano. Haka ne, ni ma da farko abin da na ce ke nan. Maƙwabciyata ce, wata dattijuwa da ke hawan ƙasa, ta sauya mini ra'ayi ranar da ta kira ni na zauna a kicin ɗinta tana yin horesh kadu. Horesh ita ce miyarsu da ake ci da shinkafa. Bari in faɗa muku yadda na ga ta yi.

Ta soya albasa manya 2 a hankali har suka yi ja, ta barbaɗa kurkur, ta zuba naman rago wajen rabin kilo, ta juya har ya daina jini. Gishiri, masoro, ruwa kofi 3, ta rufe ta rage wuta. Awa ɗaya da rabi ba ta ƙara waiwayarsa ba sai da ta zo sa tumatirin gwangwani cokali 2. Tana jiran nama ta tsaga kadu gida biyu a tsaye, ta barbaɗa gishiri ta jera a kwando. Bayan rabin awa na ga ruwa ya tsattsafo a jikinsu kamar gumi, ta sa tsumma mai tsabta ta goge kowanne ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta soya su a kasko har gefen da aka yanka ya yi launin zuma.

Inda abin ya burge ni shi ne haɗawar. Ba ta zuba su ta gauraya ba. Jera su ta yi a saman naman kamar mai jera kwanuka a kabad, ta ɗora rababben tumatir a kai, ta watsa gure cike da hannu. Gure ɗanyen inabi ne da bai nuna ba, mai tsami sosai, suna tara shi a firiza ko a ruwan gishiri don ya kai su shekara. Ta mayar da murfi, wuta ƙasa-ƙasa, wajen minti 25. Na ɗauki ludayi zan juya mata, ta riƙe hannuna. Ta ce idan na juya kadun zai farfashe ya zama kunu. Suna da kalma, ja oftade, wato miya ta zauna, ta kama jikinta, mai ya taso sama. Kafin nan ba a saukewa ko da baƙo na bakin ƙofa.

Da na ci sai na gane. Kadun ya tsotse romon nama da tsamin gure, ga ɗan zaƙi da suya ta fito masa da shi. Rashin ɗanɗanon nasa shi ne ya ba shi damar ɗaukar na tukunya. Ga shinkafa wara-wara, ga ƙanzo, wanda su ba sa yar da shi, tahdig suke ce masa, baƙo ake fara miƙa wa.

'Yar Yamai: Kai Ummu Zahra kin tayar mini da yawu. Mu nan kurjet muke cewa, da sanyi ya shigo masu lambu na bakin kogi suke cika kasuwa da shi. Amma a kuskus kawai muke sa shi da karas da kabeji. Ba attarugu a miyar ko kaɗan?

Ummu Zahra (Kum): Ko ɗigo babu. Yawancin girkinsu ba yaji, tsami suke so: gure, ruwan lemun tsami, busasshen lemun tsami da suke kira limu amani, rumman. Sai can kudu wajen Bandar Abbas da Bushehr ake cin yaji da tsamiya. Ni dai ina jefa attaruguna guda ɗaya a gefe, maigida ba ya iya ci sai da shi.

Anti Nas: Ummu Zahra girkin ya yi, amma dole in tsaya a wajen suyar nan. Zukini kamar soso yake, yana shan mai. Cokalin cin abinci ɗaya na mai kalori 120 ne, daidai da zukini giram 700. Idan kin soya guda 6 da mai cokali 5 ko 6, abin da ake nema a cikinsa ya tafi. Ga zafin suya, ga dahuwar minti 25, bitamin C ɗin ya ragu sosai. Sannan a ɗora a kan tulin farar shinkafa da ƙanzo mai maiƙo. Wannan ba farantin mai suga ba ne.

Ummu Zahra (Kum): Anti ban ƙi ta taki ba, amma gishirin nan da gogewar ai don rage shan mai ake yi, kuma wallahi yana ragewa, na gwada da shi da babu shi. Kuma yanzu matasan matansu da yawa shafa mai suke yi da buroshi su gasa a obin. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a dafa shi a ruwa fari fat a miƙa wa bawan Allah. Kwana 2 zai ci ya ce ya ƙoshi, ya koma wa abin da aka hana shi. Abincin da mara lafiya ya ƙi ci, wane bitamin zai samu a ciki?

Anti Nas: A nan ban musa miki ba. Ɗan mai ma yana da amfani, don lutin ɗin nan sai da maiƙo jiki ke iya tsotse shi da kyau. Cokali 1 ko 2 ga tukunya duka ya isa. Abin da nake so a gyara biyu ne: a bar ɓawon, a rage shinkafar. Na ga a hotuna suna fere shi.

Ummu Zahra (Kum): Da yawa suna ferewa, wasu kuma su kankare layi-layi su bar rabi. Ni barin nawa nake yi, ya fi riƙe jikinsa a miya.

Malam na Zariya: Assalamu alaikum. Ina bibiyar zancen, kuma na ga ya kamata a tuna wa jama'a cewa wannan dangin abinci yana da daraja a Sunna. Anas ɗan Malik ya ruwaito cewa wani tela ya gayyaci Manzon Allah (SAW) cin abinci, ya kawo gurasar sha'ir da romo mai dubba'u da busasshen nama. Anas ya ga Annabi yana bin dubba'u a gefen akushi, ya ce tun ranar bai daina son sa ba. Yana cikin Buhari da Muslim. Malamanmu kabewa suke fassara mana shi.

Mai Lambu Jos: Allah ya gafarta Malam, hadisi ingantacce ne, ba ja. Amma ina da ɗan ƙarin bayani ta fuskar shuka, in an ba ni dama. Kabewa da zukini duka asalinsu nahiyar Amurka ne. A Meziko aka fara noma kakannin zukini, shekara wajen 10,000 da suka wuce, kuma ba su ƙetaro teku ba sai bayan tafiyar Kolumbus ta 1492. Shi zukini ma ƙaramin yaro ne, manoman arewacin Italiya ne suka fitar da irinsa a ƙarni na 19. Sunan ma nasu ne, zukka ita ce kabewa, zukini 'yar ƙaramarta. To abin da ke Madina a zamanin Annabi (SAW) duma ne, dangin wanda muke yin ƙwarya da buta da ludayi da shi, irin marar ɗaci da ake ci yana ɗanye shataf. Har gobe ana cin sa a Indiya da Pakistan.

Malam na Zariya: Na gode da wannan. Sai dai ka sani Larabawa suna faɗin ƙar'u da yaƙɗin ga dangin gaba ɗaya, duk abin da ke yaɗo ba shi da kara tsayayye. Kalmar yaƙɗin ce ta zo a suratus Saffat, aya ta 146, a ƙissar Annabi Yunusa. Don haka wanda ya fassara da kabewa bai yi ɓarna ba, ya kawo abin da mutanensa suka sani ne.

Mai Lambu Jos: Haka ne Malam, ban ce an yi ɓarna ba. Abin da nake gudu kawai shi ne masu talla su ɗauki hadisin su liƙa wa zukini su ce maganin Annabi ne, su ninka kuɗi.

Malam na Zariya: Wannan kam ba daidai ba ne. Hadisin so ya nuna, bai ce magani ba.

Ummu Zahra (Kum): Maganar Mai Lambu ta zo daidai da abin da ke harshensu. Kalmar kadu tsohuwa ce a Farisanci, duma take nufi tun asali. Da baƙin suka iso sai aka raba musu suna: kadu sabz shi ne zukini, kadu halwayi da kadu tambal su ne kabewa. Girke-girken sun riga zukini zuwa, shi ya tarar da tukunya a kan wuta ya shiga.

Misali borani. Ana soya kadu da tafarnuwa, a bar shi ya huce, a haɗa da kindirmo mai kauri da busasshiyar na'a-na'a, a ci da gurasa. Ana danganta sunan ga Buran 'yar Hasan ɗan Sahal, matar Halifa Ma'amun, wadda aka yi shagalin bikinta a shekara ta 825. Wasu Iraniyawa kuma sun fi son su ce daga sarauniyarsu Purandoht ne, ta zamanin Sasaniyawa, sarakunan Farisa kafin zuwan Musulunci. Ko wacce ce, sunan ya girmi zukini da shekara 1,000.

Maman Ilham, ni borani nake ba ki shawara ki fara da shi, ko kuku. Kuku kamar wainar ƙwai ce mai kauri. Ki goga zukini 3 a abin goga kuɓewa, ki sa gishiri, bayan minti 15 ki matse da hannu sosai, za ki sha mamakin ruwan da zai fita. Ki haɗa da soyayyar albasa, ƙwai 4, kurkur, fulawa cokali 1. Kasko, ɗan mai, wuta kaɗan, ki rufe. Idan ƙasan ya yi ja ki yanka gida 4 ki juya kowanne. Ba ya buƙatar shinkafa sam.

Anti Nas: Wannan kukun na sa masa hannu. Ga furotin, sitaci kaɗan. Kindirmon boranin dai ya zama marar suga.

Hajiya Babba: Kindirmo da wannan abu mai ruwa, ba zai sa wa mutum sanyi ba? Mai suga da ma ga ciwon gaɓoɓi.

Ummu Zahra (Kum): Hajiya wallahi da kin zo nan da kin samu 'yan uwa. Su ma haka suke raba abinci, garmi da sardi, mai zafi da mai sanyi, ba zafin wuta ba, na ɗabi'a. Tun zamanin su Ibn Sina abin yake a likitancinsu. Kadu sardi ne, kindirmo ma sardi ne. Shi ya sa ba sa haɗa su sai da tafarnuwa ko na'a-na'a, miyar kuma wasu su sa kirfa ko za'afaran. Idan yaro ya ce cikinsa na ciwo bayan cin irin wannan, uwar za ta ce sardi ya kama shi, ta jiƙa masa nabat a shayi, wani suga ne mai kama da ƙanƙara. Mai zazzaɓi kuwa kadu ake dafa masa don ya sanyaya jiki.

Anti Nas: Tafarnuwa da na'a-na'a ba laifi, a sa. Nabat dai kada ya kusanci maigidan Maman Ilham, suga ne tsantsa. Wani abu kuma da na manta: masu suga da ya daɗe wasu ƙodarsu na taɓuwa, kuma mai ciwon ƙoda ana taƙaita masa fotashiyam. Idan an taɓa ce masa ƙodarsa na da matsala, ku tambayi likitansa kafin ya mayar da shi abincin kullum.

Maman Ilham: An duba wancan watan, an ce lafiya lau alhamdulillah.

Mai Lambu Jos: Ƙanwata kafin ki dafa, ki yanki ɗan ƙarami daga kowanne ki ɗanɗana a harshe. Idan kin ji ɗaci mai tsanani, tofar, ki jefar da shi duka. Dangin duma suna da wata guba mai ɗaci, kukurbitasin, irin wadda ke cikin duman ƙwarya. An cire ta daga irin da ake sayarwa, amma takan dawo idan manomi ya ajiye iri daga shukar da ta yi barbara da dangin daji ko na ado, wani lokaci kuma idan shuka ta sha fari da zafi. Wuta ba ta kashe ta. A 2015 wani dattijo ɗan shekara 79 ya rasu a Haidenhaim ta Jamus bayan ya ci miyar zukini mai ɗaci na lambun gida. Ba kasafai ake samu ba, ni shekarata 9 ina nomansa sau ɗaya na ci karo da shi, amma ɗanɗanawar ba ta cin komai.

Wajen saye kuma ki zaɓi ƙanana, tsawon tafin hannu zuwa santimita 20, masu tauri da sheƙi. Manyan nan da ake ɗauka riba ce, ciki duk harza ce da 'ya'ya. Daga shuka zuwa tsinka kwana 45 zuwa 55 ne, in kina da ɗan fili a tsakar gida gindi 3 sun ishe ku, ki shuka da sanyi.

'Yar Yamai: Gure fa, me za mu sa a madadinsa? Ɗanyen inabi ba ya samuwa a nan.

Ummu Zahra (Kum): Ruwan lemun tsami cokali 2 zuwa 3, a ƙarshe-ƙarshe. Da na zo hutu Kano da tsamiya na yi, jiƙaƙƙiya, kaɗan. Miyar ta ɗan yi duhu amma kowa ya ƙara. Akwai ma wadda ba nama, yatimce, wato 'yar marainiya: kadu, baƙar gauta, tumatir, albasa, wasu su sa dankali. Ita ce ta ƙarshen wata.

Maman Ilham: Jama'a na dawo da rahoto. Na ɗanɗana duka 6, ba mai ɗaci. Jiya da dare na yi kuku da guda 3. Na farko da na juya ya karye, ina ga ban matse ruwan sosai ba, amma ɗanɗano ya yi. Maigida ya ci yanka 3 da tumatir da kindirmo, bai tambayi tuwo ba. Yau da rana na yi horesh da ragowar, da kaza, na shafa mai na gasa su a kasko maimakon suya, ban fere ba, na sa lemun tsami da attarugu ɗaya. Shinkafa ludayi ɗaya na zuba masa. Yara ne dai suka tsince naman suka bar zukinin.

Hajiya Babba: Madalla. Amma jibi ki yi masa taushe, kada ki manta da ta gida. Kuma ki gwada wannan miyar da kabewa ki gani.

Ummu Zahra (Kum): Ana yi Hajiya, horesh kadu halwayi, da busasshen aluca, wani ɗan itace mai tsami-tsami, da ɗan kirfa, lokacin sanyi. Sai dai suna sa masa suga ko zuma, wannan sai a cire. Maman Ilham, kukun na gaba ki sa gogaggen zukinin a tsumma ki murɗa, kuma kada ki juya sai kin girgiza kasko kin ji ya saki da kansa.

Anti Nas: Ki auna masa suga awa 2 bayan ya ci horesh ɗin, ki rubuta, ki kuma auna ranar da ya ci tuwo. Ki kai wa likitansa duka biyun ranar da za ku koma asibiti.

Maman Ilham: In sha Allah, Alhamis ne za mu koma. Mai Lambu, irin fa, a Kano zan samu ko sai an aiko mini daga Jos?

Mai Lambu Jos: Ki duba wajen masu sayar da irin kayan lambu, na cikin fakiti a rufe, kada ki karɓi na awo. In ba ki samu ba ki yi mini magana, akwai motar kaya da ke tashi daga Farin Gada zuwa 'Yan Kaba, sai in ba direba.